Fansho da naira, cefane da sefa: shirin mai ritaya kafin ya tare a Yamai

Dattijon da ya gama aiki a Sakkwato ko Katsina ko Kano, ya ce zai zo Yamai ya huta, ba ya jin kamar ƙasar waje zai tafi. Ɗiyarsa na aure a Bukoki, ko mahaifiyarsa mutuniyar Dogon Dutsi ce. A tasha da kasuwa Hausa za a yi masa, agogo ma ba zai juya ba don lokacin ɗaya ne. Wannan kusanci shi ke sa mutane su saki jiki, su sayar da gida su kwaso kaya, sai an kwana biyu su tarar da abubuwan da jin Hausa ba ya warware su. Babbansu kuɗi ne.

Fansho da naira zai riƙa shigowa, amma haya da shinkafa da magani da sefa za a biya. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 take hawa da sauka. A farkon 2023 jika ɗaya, wato sefa 1,000, wajen naira 1,200 ake sayenta a hannun ƴan canji. A cikin 2024 ta haura naira 2,500. Mai karɓar naira 150,000 a wata, da can jika 125 yake riƙewa, sai ga shi da jika 60, alhali mai gidan haya bai rage masa ko dala ba. Don haka lissafin zama a nan ba da canjin yau ake yin sa ba. A ɗauki canji mafi muni da aka gani cikin shekara biyu a lissafa da shi. In haya da wuta da ruwa sun cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ya fito, gidan ya fi ƙarfin fanshon, a nemi wani. Kuma a aje guzurin wata shida da sefa, ba da naira ba. Iyaka ta zauna a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne masu jiran kuɗi daga tsallake wata-wata.

Ƙirgen kuɗin kansa sai an koya. A nan da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar. Mai tumatir in ta ce dala ashirin, sefa 100 take nufi. In ta ce ɗari, sefa 500 ce. Bazabarmiya za ta ce waranka ga sefa 100, zangu ga 500. Baƙo da yawa sun yi ciniki sun shirya, wajen biya rigima ta tashi, ba don wani ya yi niyyar cuta ba.

Hanyar da kuɗin ke bi ma tana da wurin tsinkewa, kuma kusan kullum layin waya ne. Asusun banki na Najeriya a manne yake da BVN da NIN da lambar da ake turo wa lambar sirri. Mutum ya zo ya sayi layin Airtel ko Moov ko Zamani, ya jefa tsohon layinsa a aljihun jaka, bayan watanni kamfani ya rufe shi ya sayar wa wani. Daga nan ba shiga asusu sai an koma reshen banki da ƙafa. Maganinsa waya mai layi biyu, a buɗe wa layin gida damar aiki a ƙasar waje tun kafin a taso, a riƙa sa masa kati ana kira da shi ko sau ɗaya a wata. Wajen canji, a tsaya ga mutum ɗaya mai rumfa sananniya, a fara gwada shi da kaɗan, kada a tura naira sai sefa na gaban ido. Aika kuɗi cikin ƙasa ba wuya, Nita da Amana da Al Izza suna kowace unguwa.

Sai tantance masu fansho. Wanda ke ƙarƙashin PTAD, hukumar tarayya mai biyan fanshon tsohon tsari, yana iya tabbatar da yana raye ta waya, da hoton fuska, in akwai intanet mai ƙarfi. Na jihohi da ƙananan hukumomi sau da yawa sai an gan su ido da ido, kuma sanarwar kan fito kurkusa. A bar wani amintacce cikin ƙungiyar ƴan fansho da zai buga waya, a kuma ware kuɗin mota. Daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni wajen kilomita 420 ne, daga Illela zuwa Sakkwato bai kai 100 ba. Tafiyar yini guda ce cur ga mai ciwon baya.

Takardu sun canja, kuma labarin da aka ji shekara biyar da suka wuce ba ya aiki. Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙasashen AES, wato ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, sun ce ƴan ƙasashen CEDEAO na iya shiga ba biza, amma a Janairun 2025 ɗin ne kuma Nijar ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi. A zo da fasfo na ƙasa da ƙasa mai sauran kwana, da katin rigakafin shawara, da hotuna ƙanana masu yawa don kowane ofis sai ya nema. Makon farko a je ofishin jakadancin Najeriya a yi katin shaidar zama ɗan ƙasa, a gaida mai unguwa a gabatar da kai, a yi takardar shaidar mazauni, sannan a je hukumar ƴan sanda mai kula da baƙi, DST, a ji abin da ake nema na izinin zama daga bakinsu. Ko da yake an ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardun ofis har yanzu da Faransanci ake cika su. Kada a sa hannu kan abin da ɗa ko suruki bai karanta ya fassara ba. Ranar Juma'a ofisoshi rabin yini suke yi.

Kada a sayi gida ko fili a shekarar farko. Wannan ita ce shawarar da aka fi ƙi, ita ce kuma ta fi tsada in an ƙi ta. Haya a Yamai wata-wata ake biya, ba shekara ba kamar Kano, sai dai a ba da na ajiya na wata biyu ko uku da ladan dillali. Wannan sauƙi ne, yana ba mutum dama ya ga unguwa da bazara ya gan ta da damina. Gidan da ya yi kyau a Janairu yana iya zama tafki a Agusta. Ambaliyar 2020 ta cinye gidaje a Lamorde da Kirkisoy da Saga, duk na bakin kogi. Unguwannin tudu kuma nasu ciwon ƙarancin ruwa ne, a Afrilu da Mayu famfo kan yi shiru sai tsakar dare. A tambayi maƙwabta, ba dillali ba. A duba bangon waje ko akwai zanen inda ruwa ya tsaya. A nemi takardar biyan wuta da ta ruwa ta ƙarshe kafin a karɓi mabuɗi, don bashin wanda ya tashi a kan mita yake zama, sabon shiga ake yanke wa. In lokacin saye ya zo, takardar gargajiya ta mai gari ba ta kai takardar mallaka ta hukuma ƙarfi ba, kuma a gaban notar, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, ake biyan kuɗi.

Zafin Yamai ba abin wasa ba ne ga mai shekara 65. Daga Maris zuwa Mayu ya kan wuce 40, wani lokaci ya taɓa 45, lokacin ne kuma wutar NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar, ta fi ɗaukewa. Lissafin sola a sauƙaƙe: batir na ruwa mai 200Ah da bolt 12 yana riƙe wat 2,400 na awa guda, amma rabi kawai ake ci in ana so ya daɗe, wato 1,200. Fanka mai wat 50 ta kwana awa goma ta ci 500. Ke nan batir ɗaya fanka biyu da ƙwan fitila uku zai kai safe, da faranti biyu masu wat 300 su cika shi da rana. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya ba ta kai awa biyu a kansa. Abin da ya fi dacewa da aljihun mai fansho shi ne fanka mai ruwa, tana aiki sosai da bazara don iska a bushe take, amma da damina ta faɗi sai ta zama ba amfani. A sa tankin ruwa na lita 1,000. Soket ɗin nan mai rami biyu zagaye ne, filogin Najeriya mai ƙafa uku ba ya shiga, gara a canja kan filogin firij da na dutsen guga gaba ɗaya da a dogara da ƴar mahaɗa mai zafi tana narkewa.

Asibiti yana da nasa harshen. Likita a nan in ya auna jini zai ce 14/9, abin da a gida ake ce wa 140/90. Sukari kuma da giram a lita ake faɗa: 1.26 a nan shi ne 126 a na'urar da aka zo da ita, ko 7 a ɗaya ma'aunin. Wanda bai san wannan ba zai iya firgita ko ya saki jiki inda bai kamata ba. Sunayen magunguna ma daban suke, don haka a sa likitan gida ya rubuta asalin sunan sinadarin da ƙarfinsa, amlodipine 10 ko metformin 500 misali, ba sunan kamfani ba. A zo da na wata uku. Inshorar lafiya ta Najeriya ba ta ƙetare iyaka, komai da kuɗi hannu ne, kuma sai an biya an sayo kayan aiki ake fara magani. A san hanyar Babban Asibitin Ƙasa da na Lamorde da babban asibitin ƙwararru tun ana lafiya, a riƙe jerin kantunan magani masu kwana a buɗe, yana canjawa kowane mako. Mai allurar insulin ya tuna wanda aka buɗe kwana 28 yake yi in bai sha zafi sama da 30 ba. In wuta ta ɗauke, a sa shi cikin kwalba mai murfi a nutsa a randa. Zazzaɓin cizon sauro daga Yuli zuwa Oktoba yake tsanani, gidan sauro ba na yara kaɗai ba ne.

Alhaji ya fi saurin samun wuri. Masallacin unguwa na nan, fada na nan ƙofar gida da butar shayi, in ya halarci suna biyu da jana'iza ɗaya an san shi. Hajiya ce ke barin ƙawayen shekara talatin ta zo ta zauna tsakanin maƙwabtan da Zabarmanci suke yi a tsakar gida. A shirya mata tun farko: makarantar Islamiyya ta mata, da taron foyandi na unguwa inda ake zubin adashi. Fofo da mate ni go, kalmomin gaisuwa ne ƙanana na Zabarmanci, amma suna buɗe ƙofa.

Magana ta ƙarshe ba a son yin ta, amma iyali ke shan wahalarta. In ajali ya sauka a nan, takardar rasuwa daga ofishin magajin gari za ta fito da Faransanci, masu biyan fansho kuma sai an fassara ta an buga mata hatimin ofishin jakadanci kafin su saurari magada. A sabunta sunan magaji a wajen masu riƙe da fansho kafin a taso. A rubuta wasiyya da shaidu biyu, a faɗi inda ake so a yi jana'iza. A haɗa lambar fansho da ta asusu da kwafin fasfo cikin jaka ɗaya, a nuna wa uwargida da babban ɗa inda take.