Zafin ƙasa ne ya cinye min gero, ni kuma na kama mai iri da faɗa

Ƙannena masu shigowa noma yanzu, na lura duk hirarku bata wuce iri da taki da maganin feshi, wane iri ne ke nuna da wuri, nawa buhun NPK ya kai a kasuwa. Ba laifi, duk ana buƙata. Amma da wuya in ji ɗayanku yayi maganar zafin ita ƙasar kanta, alhali ni abun da ya fi jawo min asara kenan a shekarun farko, kuma na daɗe ban ma san shi ne ba.

In ka duba wayarka a watan Afrilu ko Mayu ta nuna maka digiri 41 ko 42, to wannan zafin iska ne, a inuwa ma ake auna shi. Rairayin gonar jigawa da ba komai a kansa, wajen ƙarfe biyu na rana yana haura digiri 50, wani lokacin ya doshi 60. Kai kana da takalmi, in ya dameka ka gudu gindin bishiya. Shi tsiron gero da bai fi ɗan yatsa ba a nan zai tsaya har la'asar.

Lokacin da Baba ya sakar min gonarmu ta jigawa ni burina a ganta fes, a ce yaron nan ya iya gyara. Da kaka na kwashe kara kaf na sayar, da bazara ta zo na bi da manjagara na tattara karmami da yayi da duk wani ɗan ganye na cinna musu wuta, sannan nayi binne, wato na shuka a busasshiyar ƙasa, ina jiran ruwa. Ruwan farko ya sauka, gero ya fito gwanin sha'awa, daga nan sama ta ɗauke. Ba wani dogon fari akayi ba fa, amma ina zuwa sai in tarar tsiron ya kwanta, in ka ɗaga shi zaka ga daidai wuyansa inda ya taɓa rairayi ya ƙone ya motse kamar zare, saman ganyen da ɗan sauran kore. Na ce iri ne marar kyau, har kasuwa naje na ɗaga wa bawan Allah murya a gaban mutane, Allah ya yafe min.

Kawuna ne da ya zo ya duba bai ce min komai a kan iri ba. Ya ja ni gonar maƙwabcinmu, wani dattijo da nake wa kallon rago saboda karansa na nan zube ko'ina, ya ce ɗana sa hannunka a nan. Na ɗora tafin hannu a fili, ban iya barinsa ba na janye. Ya ɗage wani tarin kara da ƙafa ya ce to sa a nan kuma. Ƙasar da ɗan sanyinta, da na tona da yatsa har da laima, ga gara na ta kai da kawo a ciki. Tsakanin wuraren biyu bai kai taku ɗaya ba. Geron dattijon ya ɗan yi yaushi amma yana tsaye, ruwa na dawowa ya miƙe, ni kuma na sake shuka da irin da na ranto.

Yadda abun yake, karan yana tare rana kafin ta daki ƙasa, kuma yana hana laimar tsere wa, ita kuma ƙasa mai laima bata saurin ɗaukar zafi kamar busasshiya. Ni da na ƙona nawa na yi asara biyu, na tsiraita ƙasar sannan na shimfiɗa mata baƙar toka wadda ke ƙara jan rana. Ga iskar farkon damina da ke kwaso rairayi tana zane ƙananan tsiro, ita ma kara na rage mata ƙarfi. Masu bincike a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe suna gwada barin karan gero a gona, kuma abun da suka gani bai saɓa da na dattijon nan ba.

Nasan me zaku ce, kara kuɗi ne. Ga danga, ga abincin dabbobi, ga girki, in ma ka barshi shanu su bi ta kai ko wani ya kwashe da dare. Gaskiya ne, ni ma ban taɓa barin duka ba. Abun da nake yi shine in ware wani kaso in zuba a inda yafi wahala, kan tudu da wuraren da suka fara zama faƙo, in ɗan danne shi da ƙasa kar iska ta tafi da shi. Kuma a kwance ake barinsa ba a tsaye ko a jingine ba, don tsutsar da ke ɓoye a cikin kara in yana kwance a rana da yawanta mutuwa take kafin damina. Gara zata ci, barta ta ci, ramukan da take yi ta nan ruwa zai shiga. In damina ta zauna kuma wake mai yaɗo a tsakanin gero yana yin wannan aikin na rufe ƙasa.

Kuskurena na biyu kunya ma nake ji in faɗa. Na zauna ina kallon bidiyo a YouTube, gonakin Turai da China an shimfiɗe kunya da baƙar leda, ba ciyawa ko ɗaya, na ce ai wannan shine noman zamani. Na kashe kuɗi na sayo na rufe tattasaina a fadama, kuma sai da na bari zafi ya fara shigowa wajen watan Maris. Abun da ban tsaya na tambaya ba shine su me yasa suke sawa. Da yawansu ƙasarsu ce ke fitowa daga sanyin ƙanƙara, suna neman ta ɗumama da wuri su samu su dasa. Ni da zafi ya yi min yawa sai na ƙara wa kaina. Ina ban ruwa amma da rana tattasai ya langaɓe, fure na zuba, da na cusa hannu ƙarƙashin ledar sai naji turiri. Na yaye ta na bi da karan shinkafa da aka gama sussuka, wanda a lokacin kyauta ma ake bayarwa, waɗanda basu riga sun mutu ba suka farfaɗo. Ban ce leda bata da amfani ba, amma in zaka gwada ka gwada a kunya ɗaya ko biyu, kuma cikin sanyi.

Ita kunya kanta saman ta yafi kwari zafi da saurin bushewa. A ƙasa mai laka da ruwa ke kwanciya kunya ceto ce, amma a rairayi lokacin zafi gara ka dasa a gefe ko a kwari. Mutanen wajen Tahoua a Nijar da ke haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa su zuba taki su shuka a cikin ramin sun gane wannan tuntuni.

Kar kuma ku ɗauka kullum sanyi ake nema. Cikin hunturu, Disamba zuwa Janairu, na taɓa lafta wa irin attaruhu ciyawa mai kauri a wajen reno ina ta zuba masa ruwa da yamma, ya ƙi fitowa, wanda ya fito ma a daddafe. Shi irin attaruhu ɗumi yake so, a lokacin rufi kaɗan ya isa, ruwa kuma da hantsi. Alkama ce ke son wannan sanyin, shi yasa masu yinta a Kadawa ta jihar Kano ke ƙoƙarin shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, wanda ya makara zafin Maris ya riske ta tana cika ƙwaya.

Sai maganar gawo. Duk sassabe sai na sare 'yan gawon da ke tofowa a gonar wai kar su yi wa shuka inuwa, alhali gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ne yake rufe wa, wato daidai lokacin da ƙasa ke gasuwa, ga dabbobi na kwana a gindinsa suna bar maka taki. A yankin Maradi tun wajen 1983 aka fara koya wa manoma barin irin waɗannan kututture su tofo, abun da ake kira sassaben zamani, kuma yanzu miliyoyin kadada ne tsakanin Maradi da Damagaram. In ka samu kututture mai tofo a gonarka bana, zaɓi reshe biyu ko uku mafiya ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, ka zagaye shi da ƙaya saboda awaki. Nawa da na fara bari yanzu sun fi ni tsawo, biyu dai wani ya sare min su da rani ya kai wa tumakinsa.