Jinyar uwargida bayan an fito mata da hanji ta gefen ciki

A wurinmu idan mace ta kwanta a asibiti, ba a ma tambayar wa zai zauna da ita. Mahaifiyarta ce, ko yayarta, ko ƙanwarta. Miji aikinsa takardar magani: a miƙo masa, ya ruga ya biya, ya kawo, ya koma bencin waje cikin sauran maza. Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma a yawancin cututtuka tsarin yana tafiya lafiya. A irin tiyatar da aka yi wa uwargidana bai wadatar ba. Masu jinya za su koma gidajensu bayan sallama, jakar da aka manna mata a ciki kuwa gidana za ta biyo ta, ta kwana da mu a ɗaki ɗaya.

Shekaru ta yi tana fama da gudawa mai jini da majina. An ce atini ne, an ce basur ne, ta sha jiƙo ta sha na asibiti, ya lafa ya dawo. Sai da aka zura kyamara aka duba cikin hanjin aka ga babban hanjin duk ya yi gyambo. Likitoci suna ce wa ciwon kolaitis. Garkuwar jiki ce da kanta take far wa bangon hanji, shi ya sa maganin atini bai taɓa raba ta da shi ba. Tashinsa na ƙarshe ya ƙi jin allura, jininta ya yi ƙasa, ciki ya kumbura, likitan tiyata ya ce idan ba a cire babban hanjin ba yana iya fashewa. Aka cire shi, aka janyo ƙarshen ƙaramin hanji ta gefen dama na cikinta, ƙasa da cibiya kaɗan, aka ɗinke shi da fata. Ta nan bayan gida yake fita ya zuba a jaka. Wannan bakin hanjin shi ake kira sitoma.

Kwanakin farko na robobi ne: ɗaya a hanci tana janye ruwan ciki, ɗaya ta fitsari, ga ƙarin ruwa a hannu. Washegarin tiyata nas ta ce a tashe ta ta taka. Hajiya, surukata, ta ce, "Yarinyar da aka yanka jiya?" Sista ta yi mata bayani a hankali: kwanciya wuri ɗaya tana sa jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, majina ta taru a ƙirji, hanji kuma ya yi jinkirin farkawa. Ni na riƙe ƙarfen ƙarin ruwa, ƙanwarta ta riƙe kafaɗarta, muka je ƙofar ɗakin muka dawo. Ranar da iska ta fara kumbura jakar, ma'aikatan murna suka yi, don alama ce hanji ya kama aiki, aka ba da izinin ta fara kurɓar ruwa.

A nan na lura da wani abu. Duk lokacin da aka ɗaga zane za a duba wurin, uwargida ba ta kallon cikinta, fuskokinmu take bi da ido ɗaya bayan ɗaya. Hajiya hawaye take yi, ƙanwarta takan ɗan ja da baya saboda wari, ba da gangan ba. Duk abin da ta gani a fuskarmu shi take ɗauka a matsayin abin da ta zama. Da na gane haka na samu Sista na ce ina so ta koya mini canza jakar da hannuna. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka tabbata? Maza ba su cika tsayawa ba." Na ce na tabbata. Akwai kunyar surukai a tsakani, amma Hajiya mai fahimta ce, ta ɗauki butarta ta ce za ta je salla, aka ja labule.

Sitoma ja ce, da danshi, kamar naman cikin kumatu. Ba ta jin zafi idan an taɓa ta, kuma ɗan jinin da takan yi wajen gogewa ba abin tashin hankali ba ne. A makonnin farko a kumbure take, sai ta riƙa raguwa har wajen mako 6 zuwa 8, saboda haka duk canji sai an sake auna ta kafin a yanka ramin da ke jikin faifan mannawa, wato faifan mai danƙo da ke riƙe jakar a jikin fata. Yankan nan shi ne rabin aikin. Idan ramin ya matse zai gurje sitoma. Idan ya yi faɗi, abin da ke fitowa zai zauna a kan fata, kuma na ƙaramin hanji ba irin bayan gidan da muka sani ba ne, ruwa-ruwa ne ɗauke da sinadaran narka abinci, cikin ɗan lokaci yake cinye fata ta yi ja ta fara tsatsar ruwa. Fatar da ta saɓule kuwa jaka ba ta kama ta, sai yoyo, yoyo ya ƙara cin fata. Tazarar da ake bari milimita 2 ce zuwa 3. Ana wanke gefen da ruwan ɗumi zalla, babu sabulu mai ƙamshi, babu man shafawa, a bushe shi sarai, a ɗumama faifan a tsakanin tafuka, a manna, a dafe na ɗan lokaci. Da sassafe kafin ta ci komai ya fi, lokacin hanji ya fi natsuwa. Zubar da abin da ke ciki kuma ba a jira ta cika, da ta kai kashi ɗaya cikin uku ake yi, don nauyi yana ɓamɓare ta, balle a zafin bazara da gumi ke sassauta danƙon.

Ina yi ina ba ta labarin yara, wa ya ƙi zuwa Islamiyya, wa ya fasa kofi. Ban ɗaure numfashi ba, ban kau da kai ba. Da na gama ta ce, "Malam, ba ka ji ƙyama ba?" Na ce mata wari dai akwai, amma na riga na ga yadda ciwon nan ya mai da ke, wannan abin shi ya bar mini ke. Bayan 'yan kwanaki ta ce a ba ta madubi. Daga nan ta fara riƙe almakashi da kanta.

Jakunkunan nan daga waje ake kawo su, suna da tsada, kuma ba kullum ake samu ba. A ɗakin akwai wata baiwar Allah da zazzaɓin taifod ya huda wa hanji, danginta leda suke ɗaura mata da filasta, fatar cikinta duk ta saɓule. Mun raba abin da muke da shi da su, amma abin bai bar raina ba. Mai hali da ke neman inda zai sa sadakarsa, ga wuri. Ita kanta jakar mai mannewa mai jinya ce ta ƙirƙiro ta: Elise Sørensen, wata nas a ƙasar Danmak, a 1954, saboda 'yar uwarta da aka yi wa irin wannan tiyata ta daina fita don tsoron yoyo. Kamfanin Coloplast daga wannan tunani ya samo asali a 1957. Shekara saba'in ke nan, amma har yau akwai masu ɗaura leda.

Abinci ya so ya haɗa ni da dangi. Kowa ya zo dubiya da kwanonsa, kuma mayar da kwanon mutum ba ƙaramin abu ba ne. Amma sabuwar sitoma a kumbure take, hanyar ƙunci ce, abu mai zare ko mai tauri yana iya toshe ta. Gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, kwakwa, kwaɗon zogale da na rama, duk an ce a dakata da su tukuna, daga baya a gwada ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan, da tauna sosai. Wake, albasa, kabeji da lemon kwalba iska suke tarawa. Abin da ya karɓe ta shi ne tuwon shinkafa mai laushi, ayaba, dankali, taliya, farin burodi, kunu tatacce, kifi da ƙwai. Ni nake karɓar kwanon a bakin ƙofa, in yi godiya, in ce likita ya sa mata doka, masu jinya su ci.

Abin da ya fi abinci haɗari shi ne ruwa. Aikin babban hanji tsotse ruwa da gishiri ne ya mayar wa jiki, ita kuwa ba ta da shi yanzu. Idan fitar ta yi yawa, ruwan sha zalla ba ya maye gurbin abin da aka rasa, wani lokaci ma ƙara gudun yake yi. Ruwan gishiri da sukari na sacet, wanda ake ba yara masu gudawa, shi ne abokin tafiya. An sa ni rubuta yawan abin da muke zubarwa a littafi, aka ce idan ya haura lita ɗaya da rabi a yini, ko fitsari ya ragu ya yi duhu, ko jiri ya kama ta, kada mu jira. Haka idan sitoma ta yi baƙi ko shuɗi, ko fita ta tsaya cak ga murɗar ciki da amai. Akwai kuma ƙwayoyin magani masu rufi da ke narkewa a hankali, waɗanda sukan fito a jaka yadda aka haɗiye su, don haka duk likitan da zai rubuta mata magani sai an gaya masa halin da take ciki. Ɗaukar abu mai nauyi, ko bokitin ruwa ko goyo, an hana ta na tsawon watanni don kada ƙaba ta fito a gefen wurin.

Damuwar da ta fi hana ta barci ita ce salla. Tana ganin najasa na jikinta dare da rana, ta yaya za ta tsaya gaban Ubangiji? Ban amsa da ra'ayina ba, na je wurin malaminmu. Ya ce hukuncinta irin na mai yoyon fitsari ne: idan lokaci ya shiga ta zubar da abin da ke jakar, ta tsaftace abin da za ta iya, ta yi alwala, ta yi sallarta, abin da ya fito bayan nan ba ya ɓata mata. Ya kawo hadisin Imrana ɗan Husaini, sahabin da basur ya dama, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Da na kawo mata wannan amsa, a ranar ta yi la'asar a zaune a bakin gado.

Sai maganar mutane. Tun muna asibiti wani daga cikin dangina ya ja ni gefe ya ce, "To, yanzu ai sai ka fara tunanin ƙaro wata." Na san irin wannan magana ba ta tsayawa inda aka yi ta, sai ta isa kunnen mai ciwo. Na ce masa kada in sake jin ta, a gabana ko a bayana. Muka kuma yi shawara da uwargida a kan wa zai san an sa mata jaka. Ta zaɓi iyayenta, nawa iyayen, da ƙawarta guda. Sauran 'yan dubiya abin da suke ji shi ne an yi aikin hanji, da sauƙi, alhamdu lillahi. Jikinta ne, ita ke da ikon faɗa. Na kuma taƙaita lokacin dubiya, domin sitoma ba ta da abin riƙewa, iska na fita da ƙara a lokacin da ta ga dama, kuma a cikin taro wannan yana karya mata zuciya.

Yanzu muna gida. Ta yi ƙiba, jininta ya dawo, ta daina ƙirga nisan banɗaki kafin ta fita unguwa. Tela ya sassauta mata ƙugun siket, a ƙarƙashin hijabi babu mai gane komai. Ita take canza jakarta, ni nake yanka faifai, ni nake tashi idan ta yi yoyo da dare, ni nake tabbatar da cewa ajiyarmu ba ta ƙare ba kafin in nemo wata. Likita ya ce nan gaba akwai zaɓin sake tiyata, a yi mata wata ma'ajiya da ƙaramin hanjin a haɗa da dubura, a rufe sitoma, amma aikin yana da nasa wahalhalun, ciki har da yawan zagayawa. Dangi sun matsu a yi. Ita ta ce a bar ta ta huta tukuna, ta ji daɗin cin abinci ba tare da ciwo ba. Na gaya wa likita haka, ya rubuta mana ranar komawa asibiti bayan wata uku.