Allon ya ce Kudu, na bi Kudu, jirgin surukata ya tashi ya bar ta

Har yau in na iso mashigar babbar hanyar 495 ta Kenilworth Avenue a Greenbelt, jihar Maryland a Amurka, na ga allunan nan guda biyu, sai na ji raina ya sosu. Ɗaya ya ce Arewa, Baltimore. Ɗaya ya ce Kudu, Richmond. Babu wanda ya ambaci Dulles a cikinsu. Filin jirgin Dulles dai a jihar Virginia yake, Richmond kuma ita ce babban birnin Virginia. Baltimore kuwa tana nan Maryland, a kan hanyar New York. To wane mai hankali ne zai ɗauko dattijuwa da akwatunanta zai kai ta Virginia, ya karya sitiyari ya bi allon Baltimore? Ashe hanyar ke nan. Ni kuwa Richmond na bi.

Surukata ce a motar. Ta zo mana jego, ta gama, ranar komawarta Kano ta zo, jirgin safe ne. Wani abokina da ya daɗe yana tuƙin tasi a yankin ya riga ya ba ni kwatance tun da daddare: "Ka hau 495, ka sauka a 45, ka bi hoton jirgi, shi ke nan." Bai ce mini ta wane ɓangare zan hau ba, don a wurinsa wannan ba abin faɗa ba ne. Wayata kuma, wadda taswira ke ciki, tana hannun Hajiya tun daga ƙofar gida, tana ta magana da masu zuwa tarbarta, wannan ya miƙa wa wancan, kowa sai ya tambayi jariri. Duk wanda ya san kunyar suruki ya san ba zan iya buɗe baki in ce ta miƙo mini wayar ba.

Abin da ya sa allon ke yaudara, 495 hanyar zobe ce. Ta zagaye Washington gaba ɗaya, mil 64, an kammala ta a 1964. Asali an tsara babbar hanyar I-95, wadda ta taso daga Florida har Maine, ta ratsa tsakiyar birnin. Mazauna unguwannin da za a rushe suka ƙi, aka soke wannan yanki, a 1977 aka ɗora lambar 95 a kan rabin zoben na gabas. Don haka a ɓangarenmu hanya ɗaya ce mai lamba biyu, kuma Arewa da Kudun da ke kan allo na 95 ne, na mai tafiyar nesa da zai wuce Baltimore ko Richmond. Ba a rubuta su don mai zagaya gari ba. In ka bi Arewa daga Greenbelt, mil kaɗan za ka yi, a mahaɗar College Park 95 ta rabu ta nufi Baltimore, kai ka zauna a kan 495, allon ya koma Yamma, Silver Spring. Ka wuce inda I-270 ke ballewa zuwa Frederick, allon ya sake komawa Kudu, ka haye gadar American Legion, ka shiga Virginia. Kai ba ka juya ba, zoben ne yake juyawa da kai. 'Yan gari ma ba sa wahalar da kansu da arewa da kudu. In ka saurari rahoton cunkoso a rediyo, Inner Loop da Outer Loop kawai za ka ji, wato hannun da ke bin juyin agogo da wanda ke saɓa masa.

Duk wannan daga baya na sani. Amma akwai abin da na gani da idona a safiyar, shi ne yake ci mini rai fiye da allon. Mashigarmu lamba 23 ce. Ina neman 45. Mafita ta farko da na tarar bayan na hau, 22 aka rubuta a ɗan allon da ke saman babban. Ta gaba 20. Sai 19. Lambobin mafita a wannan hanya ba jeri ba ne na ɗaya, biyu, uku, lissafin mil ne, ana ƙirgawa daga gadar Woodrow Wilson ana hawa ta gabas zuwa arewa. Shi ya sa ake tsallake wasu lambobin. Ke nan daga 23 zuwa 45 kusan mil 22 ne ta hannun da ya dace. Ta hannun da na ɗauka kuwa, sai ka cire 22 daga 64, ka ga abin da ya rage maka: mil 42, kusan ninki biyu, da safiyar ranar aiki, lokacin da rabin Maryland ke ƙoƙarin haye kogi zuwa ofis.

A mafita ta 22, ta Baltimore-Washington Parkway, da na sauka na zagayo, da minti biyar ya ishe ni. A ta 20 ma haka. Ban sauka ba. Na ce a raina ai zobe ne, ko ta ina aka bi za a isa. Gaskiya ne, za a isa. Sai dai jirgi bai san da wannan hikimar ba. Kuma in faɗi tsakani da Allah, ba lissafi ne ya hana ni juyawa ba, ban so Hajiya ta ga mijin 'yarta yana kewaye-kewaye kamar baƙo ne. A gida in ka ɓata sai ka ci birki a gefen titi ka tambayi mai shayi, ya nuna maka da leɓe, ka tsallaka tsakiyar titi ka juya. A nan babu mai shayi, tsakiyar titi katangar kankare ce, dama ɗaya ake ba ka a kowace mafita, in ta wuce sai ta gaba.

Wajen mafita ta 7 motoci suka fara tsayawa. Jan fitilar birki har iya ganinka. A nan Hajiya ta ajiye wayar a cinyarta, ta ɗauko carbi, ta dubi taga.

"Baban Ummi, wancan karon da kuka ɗauko ni, kamar ban ga wannan wurin ba."

"Wata hanya ce muka biyo, Hajiya. Duk ɗaya ne, in sha Allahu kun kusa isa."

"To, Allah Ya sa."

Ba ta ƙara cewa komai ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Kafin gadar Woodrow Wilson hanya ta rabu biyu, layukan masu wucewa kai tsaye da na masu sauka a kusa, katanga a tsakani. Wanda ya shiga na wucewa alhali yana da mafita a gaba, sai dai ya hange ta ta bayan katanga. Wannan bai shafe ni ba, na bi na wucewa. Abin da ya shafe ni yana hayin kogi. Na baro Maryland lambobi suna 4, 3, 2. Na sa rai in na haye zan ga sittin da wani abu, in ci gaba da ƙirgawa ƙasa har 45. Ina ɗaga kai sai na ga 177. Gabana ya faɗi. Sai 176. Na ɗauka na bar zoben gaba ɗaya, na kama hanyar Richmond da gaske. Ashe a wannan ɗan yanki, daga gadar zuwa Springfield, Virginia tana bin lissafin mil na I-95 ne, wanda aka faro tun daga iyakarta da North Carolina. Sai ka wuce Springfield lambobin zoben suke dawowa, 54, 52, 51, kamar babu abin da ya faru. Babu allon da ke gaya wa baƙo haka. Hannuna ya yi gumi har sitiyari yana zamewa, ina satar kallon agogon mota ina kawar da kai.

Springfield kanta wani tashin hankali ne. A nan 95 da 395 da 495 suke haɗuwa, 'yan gari suna kiran wurin Mixing Bowl, an shafe shekaru ana sake gina shi har 2007. Gadoji a kan gadoji, alluna jere a sama, kowanne da kibiyarsa tana nuna layinsa. Wanda ya biyo kalmar Kudu tun daga Greenbelt, a nan take kwashe shi ta yi Richmond da shi. Abin da ya cece ni sunan gari ne. Na hango Tysons Corner a ƙarƙashin 495, na tuna abokina ya taɓa cewa kusa da can ake karyawa zuwa filin jirgi, na manne wa wannan layin. Tun daga ranar na daina karanta arewa da kudu a kan zoben. Kafin in fita nakan tambayi kaina, wane gari ne na gaba a hanyata? Silver Spring ne, ko Tysons, ko Alexandria? Shi nake nema a allo. Sannan ina sa ido a kan ruwan ɗorawa. Duk allo kore da aka liƙa wa ruwan ɗorawa a ƙasa aka rubuta EXIT ONLY, layin da kibiyar ke nunawa zai fice daga hanya ko ka so ko ka ƙi. In kuma ɗan allon lambar yana manne a kusurwar hagu ta sama, mafitar ta hagu ce, kada ka tsaya jiranta a dama.

Bayan Springfield na ƙara wa kaina wani. Layukan dama a cushe, na hagu biyu kuwa fayau, wasu fararen sandunan roba sun raba su da sauran, ga allon lantarki a sama yana nuna farashi. Layukan kuɗi ne da aka buɗe a ƙarshen 2012, kusan mil 14 a lokacin, farashinsu yana hawa yana sauka gwargwadon cunkoso. Babu rumfar karɓar kuɗi, babu wanda za ka miƙa wa dala. Sai da 'yar na'urar E-ZPass a gilashin gaba, ni kuwa ba ni da ita. Na sani, na gani, na shiga. A lokacin ko nawa aka rubuta zan shiga. Na taka totur, muka wuce dubban motoci a tsaye, har na fara jin kamar za a dace.

Ba a dace ba. Mun isa, na jawo akwatuna a guje, Hajiya tana biye da ni da jakar hannunta, muka tarar an rufe awon kaya. Ma'aikaciyar ta yi mana magana cikin ladabi, ta nuna agogo, babu yadda za ta yi. Jirgin yana nan a ƙasa bai tashi ba, wannan ne ya fi ciwo. Minti ashirin da za su cece mu, na san daidai inda na zubar da su, tsakanin 22 da 20. Canjin tikiti ya ci ɗaruruwan daloli, ga masu tarba a Kano da sai da aka sake bugawa ɗaya bayan ɗaya ana ba su haƙuri. Hajiya ta ce, "Kada ka damu kanka, Baban Ummi, wani jinkirin alheri ne. Ƙila rabon in ƙara ganin yaron ne." Na ce haka ne, Hajiya. A zuciyata kuwa lambar 22 kawai nake gani.

Da za mu koma gida na biyo ta arewa, ta gadar American Legion. Lambobi suna sauka daga 45, 41, 39, 34, ga hasumiyoyin cocin 'yan Mormon na Kensington masu ruwan zinare sun bayyana a gabanmu, kafin in ankara mun iso 23. Gajartar hanyar ta ƙara ba ni haushi.

Abokina da na ba shi labari dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce ai kowa sai zoben ya yi masa wannan kamun sau ɗaya. Na ce to me ya hana ka ce mini in bi Baltimore? Ya ce bai taɓa tunanin akwai wanda bai sani ba. Shi ya sa yanzu in wani sabon zuwa ya tambaye ni kwatance, ba na ce masa ya hau 495 kawai. Nakan ce: allon zai ce Baltimore, kada ka ji tsoro, ka bi shi. Ka duba lambar mafita biyu na farko. In kana neman babbar lamba ka ga suna raguwa, ka sauka nan take, ko waye a motar, ko sarkin garinku ne. Waya kuma ka maƙala ta a gabanka tun kafin baƙo ya shiga, don in ta shiga hannun babba ta tafi ke nan.

Bayan 'yan makonni wasiƙa ta iso, da hoton bayan motata da lambarta ɓaro-ɓaro, kuɗin layin da ƙarin cajin rashin na'ura. Na biya ban yi musu ba, washegari na nemi E-ZPass. A nan na ji cewa akwai mai ɗan maɓalli, wadda in kun kai mutum uku a mota kuka murɗa ta, kyauta za ku bi layin. Mu biyu ne ranar, ko da ita ma sai na biya. Hanyar da ke shiga filin jirgin kuwa, layukan tsakiya na masu zuwa Dulles kyauta ne, na gefe su ne na kuɗi, sai a kula a bi hoton jirgi tun daga mafita ta 45.