Jadawalin da na cike da hannu, da abin da ya jawo mana

Ƙannena masu shigowa aikin haɗa manhaja, lokacin da nake aiki da wani kamfani a Wuse, nan Abuja, an ɗora mini alhakin rubuta jadawalin da ke nuna dabarun ɓoye bayanai da kowace sigar manhajarmu ke aiki da su. Na zauna na cike shi da hannu, layi bayan layi, na sa wa AES da SHA-256 da RC2 alamar amincewa, na ɗauka aiki ya kammala.

Ana nan sai wani abokin cinikinmu ya tashi daga Ubuntu 20.04, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa, ya koma 22.04. Na farkon yana zuwa da siga 1.1.1 ta OpenSSL, manhajar da ke yin aikin ɓoye bayanai, na biyun kuwa da OpenSSL 3.0, wanda ya fito a watan Satumba na 2021, ya kuma kwashe tsofaffin dabaru irin su RC2, RC4, DES, Blowfish da MD4 ya ajiye su a wani ɓangare mai suna legacy, wanda ba ya aiki sai an kunna shi da gangan. Fayil ɗin p12 da ke ɗauke da takardar shaidarsu an kulle shi ne da RC2, saboda haka ya ƙi buɗewa. Injiniyansu ya kira ni bayan la'asar, ya ce, “Malam, ai takardarku ce ta ce yana aiki.” Gaskiyarsa ne, kuma rabin yinin da ya ɓata yana neman laifin a wurinsa, ni na jawo masa.

Daga nan na rubuta ƙaramar manhaja da ke tambayar kowace siga abin da ta iya, ta fitar da jadawalin da kanta. A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ɓoyuwa. Na dogara da umarnin ssh -Q na OpenSSH, manhajar shiga wata kwamfuta daga nesa, alhali yana lissafa duk abin da ke cikin OpenSSH ne, ba abin da ke kunne ba. OpenSSH 8.8 ya kashe sa hannun ssh-rsa mai amfani da SHA-1, amma sunan yana nan a jerin, don haka jadawalina ya ci gaba da cewa yana aiki alhali sabar, wato kwamfutar da ake son shiga, tana korar mai shiga. Umarnin ssh -G ne ke nuna tsarin da ake bi a zahiri a ɓangaren mai shiga.

Saboda haka kada ku taƙaita a kan e ko a'a. Kowace dabara tana da hali uku: tana aiki kai tsaye, ko sai an kunna ta, ko an cire ta gaba ɗaya, kuma mai karatu yana bukatar ya ga wanne ne. Kada kuma ku gamsu da jerin sunaye. Ku tayar da kowace siga a cikin Docker, manhajar da ke ware wa kowacce nata keɓaɓɓen muhalli, ku sa ta ɓoye ɗan gajeren saƙo ta kuma warware shi, abin da gwajin ya nuna shi za a rubuta. A saman jadawalin a sa cikakkiyar lambar siga da ranar gwaji, domin ko tsakanin OpenSSL 3.0.0 da 3.0.7 an samu bambanci: RIPEMD-160 ya dawo daga legacy zuwa cikin dabarun da ke aiki kai tsaye.

Yanzu duk sigar da za mu fitar, sai an kwatanta sabon jadawalin da tsohon, layin da ya canza kuma mutum ne ke duba shi da ido kafin a tura wa abokan ciniki.