Zama Talatin da Na Fassara da Bakina

A ƙarshen wannan wata zan miƙa farar rigata in bar ƙaramin asibitin da na yi shekara biyu ina koyon aikin akufanca, wato maganin Sinawa na tsira allurai a jiki, a birnin Guangzhou, kuma tun da na fara haɗa kayana nake ta juya tambayar da marasa lafiya suka fi yi mini: sau nawa zan zo, kuma har yaushe? Amsar da aka koya mana a aji ba ta da wuya. Zagaye ɗaya zama goma ne, kullum ko a riƙa tsallake kwana ɗaya, a bar allurai a jiki minti 20 zuwa 30, sannan a huta 'yan kwanaki kafin a ɗora zagaye na biyu. Sabon ciwo, irin sanƙarewar wuya, ana yi masa kusa da kusa. Tsohon ciwo kuwa sau biyu ko uku a mako. Na haddace wannan kamar yadda na haddace gurabe 361 da ake tsira allura a jiki. Ranar da ya kamata a ce wa mutum ya daina zuwa ce ba a koya mini ba.

Wani Alhaji ne, ɗan kasuwa mazaunin unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka yi yawa, wanda ke haɗa kwantena yana turawa Kano. Ya zo da ciwon baya na wata huɗu, kuma da ya ji na amsa sallamarsa da Hausa sai ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Allah ne ya kawo ni wurinka." Daga ranar na zama tafintansa, domin mai gidanmu, wanda muke kira Laoshi, wato malam, ba ya jin komai sai Sinanci. Laoshi ya duba harshensa, ya ji bugun jininsa, ya rubuta masa zama goma, aka karɓi kuɗinsu gaba ɗaya tun ranar farko.

Kullum bayan Azahar Alhaji kan kwanta rub da ciki a gado na uku, in jera masa allurai a gefen ƙashin baya da bayan gwiwa, in maƙala wayoyin lantarki, in jawo fitilar ɗumi a kan ƙugunsa. Yakan tashi ya ce ya ji dama, washegari kuma ciwon na nan. A zama na takwas zoben azurfarsa ya zame daga yatsa ya faɗi ƙarƙashin gado, na durƙusa na ɗauko masa, sai ya yi dariya ya ce abincin Sinawa ne bai karɓe shi ba. Da na ƙara tambaya, ya ce yakan jiƙa zanen gado da zufa cikin dare, kuma ciwon kan tashe shi daga barci. Na rubuta a fayil, na kai wa Laoshi. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce zufan dare alamar ƙarancin "yin" ce, wato ɓangaren sanyi na jiki a ilimin maganin Sinawa, ya ƙara gurabe biyu kusa da idon sawu, ya kuma ce in gaya wa Alhaji cewa cuta kan zo kamar rushewar dutse, ta tafi kamar zarar zaren siliki.

Kuskurena a nan yake, kuma ba zan ɗora shi a kan kowa ba. Na san cewa rama da zufan dare da ciwon da ba ya barin mutum barci, idan suka haɗu a kan mai ciwon baya, hoto suke bukata. Amma ni ɗalibi ne baƙo, takardar shaidata tana hannun mutumin nan, sai na gyara murya na ce, "Alhaji, sannu ba ta hana zuwa, ku ƙara haƙuri." Ya ce, "Tunda kai ka faɗa, shi ke nan." Ya biya zagaye na biyu, ya biya na uku. Da Sinanci aka yi masa maganar da ƙila ya yi gardama. Da Hausa ya ji ta, daga bakin wanda yake kira ɗansa.

Ana saura zama biyu a cika talatin ƙafarsa ta dama ta fara ja. Abokin kasuwancinsa ya kai shi babban asibiti, hoton MRI ya nuna tarin fuka ne ya ci ƙashin bayansa. Mako bakwai muka cinye masa.

A taron safiyar Litinin Laoshi ya ce a gaban kowa matsalar fassara ce, wai tafinta bai isar da koken maras lafiya yadda ya kamata ba. Fayil ɗin yana kan tebur a gabansa, da rubutuna na zama na takwas a ciki. Babu wanda ya buɗe, ni ma ban ce a buɗe ba.

Daga baya na bi diddigin yadda wasu ke yi. A babban gwajin da aka yi a Jamus kan ciwon baya, wanda aka wallafa a 2007, zama goma aka ba marasa lafiya, galibi biyu a mako, ba a kuma ƙara biyar ba sai ga wanda ya samu ɗan sauƙi. A Amurka, inshorar gwamnati ta tsofaffi, Medicare, tun 2020 tana biya wa masu tsohon ciwon baya zama 12 cikin kwana 90, ta ƙara takwas idan an ga canji, in ba a gani ba a tsaya. Ko masu biyan kuɗin da ba su taɓa riƙe allura ba sun san a kafa wurin tsayawa. Ni yanzu wurin tsayawata zama na shida ne: tun ranar farko ina rubuta abin da mutum ba ya iya yi, ko ruku'u ne ko hawa bene, kuma idan a zama na shida babu abin da ya motsa, ina tura shi gaba.

Sauran darussan ƙanana ne. Kada a tsira wa mai azumi allura da La'asar, domin yunwa da gajiya kan sa mutum ya suma a kan gado. A bari sai bayan shan ruwa. A tambayi mace ko tana da juna biyu kafin a taɓa gurbin Hegu da ke tsakanin babban yatsa da manuniya. A ƙirga allurai wurin sawa da wurin cirewa. Kada a karɓi kuɗin zama goma a dunƙule, ko da kuwa na san masu asibiti ba za su so jin wannan ba.

Alhaji ya koma Kano yana shan maganinsa, yana tafiya da sanda. Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira ni ya tambaya yaushe zan dawo in buɗe wurina, wai yana da wani ƙani mai ciwon gwiwa. Laoshi kuma ya sa hannu a takardar shaidata jiya, har ya rubuta cewa ni ɗalibi ne mai biyayya.