Gwiwar Baba da ƙashin da na sayo wurin mahauci

Wanda aka haifa a Unguwar Rogo ba a ba shi labarin sanyin Jos, amma na Disambar bara ya zo mana da wani abu. Da asuba muna sahu ɗaya da Baba, liman ya ɗago daga sujada, kowa ya miƙe, shi kuwa sai da ya dafa cinyata sannan ya tashi. Na ji gwiwarsa ta yi ƙaras-ƙaras kamar ana taka tsakuwa. Da muka fito, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Sanyi ne kawai." Mutumin da ya shekara talatin yana saɓa buhun dankali a kasuwar Farin Gada ba ya son a ga gazawarsa.

Sai da na yi mako biyu ina lallashi kafin ya yarda muka je asibiti aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta ɗaga hoton ta nuna mana inda ƙashin cinya ya sadu da na ƙwauri. Ta gefen waje akwai rata tsakaninsu, ta gefen ciki kuwa sun kusa haɗa baki. Ta ce ratar nan ba wofi ba ce, guringuntsi ne a wurin, hoton ne ba ya nuna shi. "Baba, naku ya cinye ta nan, kuma ba ya sake tsirowa. Amma kada ku kwanta. Ku riƙa tafiya kullum." Baba ya kalle ni, na kalle shi. Abin da ya cinye saboda aiki, ta yaya za a ce a ƙara masa aiki?

Tambayar ta hana ni sakat, har ranar Asabar na je wurin mahaucinmu na ce ya ba ni gwiwar saniya ta ƙafar baya, kada ya sare ta. Ya ce, "Malam, farfesu za a yi?" Na ce karatu za a yi. Ya yi dariya, ya ajiye gatari ya ɗauki ƙaramar wuƙa, ya ce gaɓa ba ta son ƙarfi, hanya ake nema mata. Yana huda jakar da ta lulluɓe gaɓar sai wani ruwa ya zubo, mai yauƙi kamar farin ƙwai. Na shafa a yatsa, santsi kamar kuɓewa. Kan ƙashin kuwa fari sol, yana ƙyalli kamar sabon tangaran, na ɗora yatsa ya zame. A tsakiya ga wasu jijiyoyi biyu masu tauri sun gitta juna, su ke hana ƙashin zamewa gaba ko baya. Ga kuma wasu matasai biyu masu siffar jinjirin wata, suna zaune tsakanin ƙasusuwan suna raba nauyi. Duk waɗannan akwai su a gwiwar mutum.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne da ya ɓanɓaro guringuntsin da bakin wuƙa, ko ɗigon jini babu. Hanyar jini ba ta bi ta cikinsa. Kaurinsa milimita kaɗan ne, kuma abincinsa a cikin ruwan nan mai yauƙi yake. Idan ka taka, nauyinka ya matse shi kamar soso, idan ka ɗaga ƙafa ya sake zuƙo ruwa. Wanda ya kwanta ya ƙi motsi, yunwa yake sa wa gaɓarsa. A nan na gane maganar likita. Rashin jinin kuma shi ya sa in ya lalace ba ya gyaruwa kamar fata ko nama.

Tun daga ranar, Allah Ya yafe mini, wani lokaci hankalina kan tafi kan gaɓoɓi ina cikin salla. Ɗaga hannu don kabbara aikin kafaɗa ne: dunƙulen kan ƙashi a cikin ɗan gurbi marar zurfi, shi ya sa take juyawa ko'ina, shi ya sa kuma ta fi sauran manyan gaɓoɓi saurin gocewa. Ƙugu irin ginin ke nan, amma gurbinsa da zurfi kamar taɓarya a turmi, don shi ke ɗauke da gangar jiki. Gwiwar hannu da ta ƙafa kamar ƙyauren ƙofa suke, a buɗe a rufe, ko da yake ta ƙafa takan ɗan murɗa idan an lanƙwasa ta. Sallama kuwa, ƙasusuwa biyu na sama cikin bakwai na wuya su ke yin kusan rabin juyin, ɗaya yana kewaya wani ɗan turke da ya fito daga ɗayan. Babban yatsa da ke bin sauran yatsu wajen tasbihi, gindinsa kamar mahayi ne a kan sirdi. Akwai ma gaɓoɓin da ba sa motsi, irin ɗinkin ƙoƙon kai. Maɗigar jariri da iyaye mata ke kaffa-kaffa da ita wurin da bai gama haɗewa ba ne, yakan rufe kafin yaro ya cika shekara biyu.

Da na ce wa Baba ƙasusuwan baligi 206 ne, bai nuna ya burge shi ba. Ya ce shi abin da ya sani a hadisin Muslim an ce gaɓoɓin ɗan Adam 360 ne, kuma kowace tana da sadakar da ake binta kullum. Na ce to, ta gwiwa ai tafiya masallaci ce. Ya yi shiru, na san ta shiga.

Yanzu bayan la'asar yakan taka har bakin titin Bauchi ya dawo, da safe kuma ya zauna a kujera yana miƙe ƙafa sau goma-goma don ƙarfafa naman cinya, kamar yadda aka nuna masa. Ranar da ciwon ya motsa yakan yi nafila a zaune. Ƙarar tana nan, amma ya daina dafa ni.

Ƙashin kuwa na ajiye shi a leda don in nuna wa yara da daddare. Kafin in dawo daga shago uwargida ta jefa shi a miyar kuka, kuma Baba ne ya gwaigwaye guringuntsin.