Talata, ranar hoton cikin Hadiza

Da safe har dariya muke yi a cikin keke Napep, daga Mabera har asibiti, ƙanwata Hadiza tana cewa yau sai ta matsa an faɗa mata mace ce ko namiji. Sati 23 ke nan. Zafi tun ƙarfe tara. Layin awo ya kai bakin ƙofa.

Da aka kira mu, likitan ya shafa man ya ɗora na'urar, ya fara da hira. Can sai hirar ta ɗauke. Ya auna ƙashin cinya, ya goge, ya sake aunawa. Ya koma ɗaya ƙafar, ya hau hannu. Ya tambaya ko ta taɓa yin hoto da farkon ciki, na miƙa masa takardar sati 11. Ya ce to, ba kuskuren lissafi ba ne ke nan: ƙasusuwan ƙafa da na hannu sun tsaya kamar na sati 19.

Hadiza ta ɗago kai. "Likita, wada zan haifa?"

Bai amsa nan take ba. Ya bar ƙafar gaba ɗaya ya koma ƙirji, ya daɗe a nan har na ji bayana yana tsami a tsaye. Ya zagaye ƙirjin da awo, ya zagaye cikin jaririn, ya gwama su. Ya bi haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko akwai ƙashin da ya lanƙwashe ko ya karye, ya duba ko ƙoƙon kai ya yi fari sosai a hoton, ya auna ruwan da ke kewaye da shi. Sannan ya juyo ya ce, "Malama, gajarta ba ta kisa. Ni ƙirjin nake tsoro." Wai cututtukan girman ƙashi sun haura iri 400. A masu tsanani haƙarƙarin kan yi gajeru, ƙirjin ya matse, huhu ya rasa wurin girma. Yaro yana ciki lafiya lau domin ta cibiya yake samun iska, sai an haife shi numfashin ya gagara. Wadancin da muka saba gani kuwa, masu shi suna girma, su yi karatu, su yi aure, kuma galibi sai bayan sati 24 yake bayyana a hoto. Abin da ya sa nata ya dame shi ke nan, ya fito da wuri. Amma ƙirjin bai matse yadda zai yanke hukunci yau ba. Ba karaya, ƙoƙon kan ya yi ƙwari. Mu dawo bayan sati uku, zai kuma tura mu asibitin koyarwa.

Ban san sanda na riƙe ƙafar Hadiza ba. Sanyi ƙalau, cikin wannan zafin.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne gida. Inna ta tare mu tun daga zaure: "Mi likita ya ce?" Ban gama bayani ba ta tafa hannu, wai mu dai kaf zuriyarmu babu wada, sai a bincika dangin Bello mijinta. Na ce Inna, likita ya ce a cikin goma masu wannan wadancin, kusan takwas iyayensu masu tsawo ne kamar kowa, ba daga wani ɓangare ya zo ba. Ba ta ji ni ba. Ita ƙafar take gani, da abin da za a faɗa ranar suna. Ni kuwa tun da na fito ɗakin nan nake roƙon Allah Ya sa a yi sunan. Ban iya faɗa mata haka ba. Inna ce, kuma ba ta ga fuskar likitan ba.

Ba wuta tun la'asar. Fura kawai na sha. Bello yana Illela, ya ce gobe da sassafe zai kamo hanya.

Bayan isha'i Hadiza ta shigo ɗakina, ta zauna bakin katifa ta kama hannuna ta ɗora a cikinta. Yana motsi, da ƙarfinsa ma. Ta ce, "Yaya, kin san mun manta ba mu tambaya ba, mace ce ko namiji?"

Na rubuta ranar komawa a bayan katin awo.